Kwalabe bakwai a barga ɗaya: me doki yake buƙata, me ake ɗura masa?

Saura sati uku ƙaramar Sallah na leƙa bargar kawuna, na tarar an kafa ɗan katako a jikin bango an jera kwalabe da gwangwanaye kamar shagon kemis. Na ƙirga, bakwai. Akwai wata roba mai farin gari da rubutun Sifaniyanci, wai wani ɗan folo ne ya sam masa daga kayan da suka zo tare da dawakin Ajantina. Akwai jan ruwa na ƙarin jini, da allurar bitamin, da wani abu mai kauri kamar maɗi da aka ce na ƙarfin gaɓoɓi ne. A ƙasa kuma ga tsohon ƙoƙon kanwa, wanda ya girme su duka. Shi kuwa kilin da ake wa wannan hidima yana tsaye a turke, gashi a tashe babu sheƙi, kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Kaji biyu suna tonon kashinsa suna tsince dawa, yadda ta shiga haka ta fito.

Na ce, "Kawu, harawa nawa yake samu a rana?"

Ya ce, "Kai ɗan nan, ka san kuɗin harawa bana kuwa? Rabin dami da safe, sai kuma dare. Amma ai na ƙara masa dawa, kwano guda safe, kwano guda yamma, ga dusa, ga waɗannan. Ci yake kamar gara, jiki ne dai ya ƙi."

A wannan amsar matsalar take gaba ɗaya, kuma ba bargar kawu kaɗai ba. An rage abin da cikin doki ya dogara da shi, an ninka abin da yake wahalar da shi, sannan aka sayo kwalabe don su toshe ɓarakar. Kafin a yi maganar wace kwalba ce mai kyau, dole a fara sanin yadda Allah ya tsara cikin wannan dabba.

Duk girman doki, tumbinsa ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 yake ɗauka. Sa, wanda bai fi shi girma ba, tumbinsa kan ɗauki fiye da lita 100. Doki ba ya tuƙa, ba ya amai, kuma ba shi da jakar matsarmama. Tumbin nan yana tsatso ruwa mai tsami dare da rana, ko da abinci ko babu, saboda asalin dabbar mai kiwo ce da kan yi awa 14 zuwa 16 kanta a ƙasa tana tsinke ciyawa kaɗan-kaɗan. Abin da yake kashe wannan tsami shi ne miyau, miyau kuwa ba ya zuwa wa doki sai yana tauna. Kilo ɗaya na busasshiyar ciyawa yakan ɗauke shi kusan minti 40 da tauna fiye da sau 3,000. Kilo ɗaya na hatsi, minti 10 ya share. Dokin da ya cinye kwanon dawa da ƙarfe bakwai na safe ya tsaya yana kallon bango har la'asar, tsami ne yake cin bangon tumbinsa duk tsawon wunin. Shi ya sa gyambon ciki ya zama ruwan dare ga dawakin sukuwa na ƙasashen waje, inda in aka zura na'urar leƙa ciki akan same shi a tumbin takwas ko tara cikin goma na waɗanda ake horarwa.

Ainihin aikin narka ciyawa a can baya ake yinsa, cikin wata jaka mai ɗaukar kusan lita 30 da babban hanjin da ke biye da ita. Nan ƙananan halittun da ido ba ya gani suke zaune bila adadin, suna ruɓar da ciyawa suna mayar da ita ƙarfi. Su ne kuma suke ƙera wa doki yawancin bitamin B da bitamin K. Wato mai doki, ko ya sani ko bai sani ba, kiwo biyu yake yi: yana kiwon doki, yana kiwon waɗannan halittu. In suka ɓaci, doki ya ɓaci.

Hatsi ne yake ɓata su. Sitacin hatsi a ƙaramin hanji ya kamata ya narke, amma ƙaramin hanjin doki yana da iyakar abin da zai iya a ci ɗaya, kimanin giram 2 na sitaci ga kowane kilo na nauyin jiki, wasu masana ma sun ce giram 1 ya fi aminci. Abin da ya haura sai ya zarce can baya ɗanyensa, ya yi tsami, ya kashe halittu masu amfani. Daga nan ake samun kumburi, da murɗar ciki, da wannan mugun ciwon kofato da za ka ga doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya kamar mai taka garwashi. Wani bincike da aka buga a 1997, wanda ya bi dawaki fiye da 1,400 a gonaki 31 na Amurka tsawon shekara, ya nuna dokin da ke cin hatsi kilo 2.5 zuwa 5 a rana ya ninka wanda ba ya ci kusan sau biyar wajen haɗarin ciwon ciki, wanda ya haura kilo 5 kuma fiye da sau shida.

Mu kuma dawa muke bayarwa, ba hatsin ots na Turawa ba, kuma bambancin yana da girma. Ots yana narkewa a ƙaramin hanji da sama da kashi 80 cikin 100. Dawa da masara ƙwayarsu tana da tauri, in ba a ɓarza ko an jiƙa ba rabonsu biyu ne: ko su wuce baya su yi tsami, ko su fita waje kaji su samu. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin dawa sitaci ne. Dokin da ya kai kilo 350, iyakarsa a ci ɗaya ba ta wuce kilo guda na dawa ba. Kwanon awo na Kano, wanda 40 ɗinsa ke cika buhu, yana da kilo biyu da rabi. Kawu yana zuba wa kilinsa ninki biyu da rabi na abin da hanjinsa zai iya, sau biyu a rana.

Na ce kilo 350, to ta ina aka sani? A nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Kusan duk abin da aka rubuta a jikin robobin da ake shigowa da su, an auna shi ne da dokin kilo 500. Dawakin folo na Ajantina da ake gani a Kaduna da Katsina da Kano suna kusantar haka. Dawakinmu na gida, na hawan Sallah da kilisa, galibi tsakanin kilo 300 ne da 400. Ba sai da sikeli ba, tef ɗin tela ya isa. A auna zagayen ƙirji ta inda majayi ke bi, a auna tsawo daga kan kafaɗa ta gaba zuwa tsinin ɗuwawu, duka da santimita. A ninka zagayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,877. Kilin kawu ya ba mu 165 da 150, lissafi ya tsaya a kusan kilo 344. Doki yana cin busasshen abinci kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato kilo 7 zuwa 8 da rabi ga irin wannan, kuma aƙalla kilo 5 daga ciki ya zama ciyawa da harawa. Da muka rataya rabin damin kawu a ƙaramin sikelin masu kaji, bai kai kilo biyu ba.

Kwano kuma yana ruɗi. Kwanon dusa bai kai rabin nauyin kwanon dawa ba, dami na wannan kasuwa ba dami na waccan ba ne. Wanda bai taɓa auna abin da yake zubawa ba, ba shi da hanyar sanin abin da ya rage, balle ya san wace roba za ta cike shi.

Abin da ya fi burge ni cikin wannan sha'ani shi ne yadda haɗin da kakanninmu suka gada, harawa da hatsi da dusa, ya dace da lissafin masana ba tare da sun taɓa jin sunan kalsiyam ba. Littafin da kusan kowa ke dogara da shi a duniya kan abincin doki, wanda Majalisar Bincike ta Amurka ta sabunta a 2007, ya ce dokin kilo 500 da ba ya aiki yana buƙatar giram 20 na kalsiyam da giram 14 na fosfaras a rana. Adadin da kansa bai kai rabon muhimmanci ba: kalsiyam ne zai rinjayi fosfaras, kamar ɗaya da rabi ko biyu ga ɗaya, kada a juya. To dusar alkama juyayya ce ƙwarai, fosfaras ɗinta ya ninka kalsiyam kusan sau goma. Dawa, gero, masara da dusarsu duk sun karkata can. Kilo 2 na dusar alkama da kilo 2 na dawa za su ba doki fosfaras kusan giram 28, kalsiyam kuwa bai fi giram 3 ko 4 ba. Harawar gyaɗa da ta wake su ne akasin haka. Kilo 3 na harawar gyaɗa mai ganye yana ɗauke da kalsiyam sama da giram 30, fosfaras ɗan kaɗan, ga furotin fiye da na busasshiyar gamba ko kyasuwa nesa ba kusa ba. In aka haɗa su sai sikeli ya daidaita. Gadagi ma, da masu ciyawar doki ke nema ido rufe da damina, dangin wake ne.

Ranar da harawa ta yi tsada aka maye gurbinta da dusa, ranar aka karya wannan ma'auni. Jiki ba ya yarda kalsiyam na jini ya sauka, sai ya riƙa kwasowa daga ƙashi. A hankali doki ya fara ɗingishi, yau wannan ƙafa gobe waccan, a yi ta neman ƙaya ko targaɗe a rasa. Daga baya ƙasusuwan fuska su kumbura, haƙora su yi girgiɗi, tauna ta gagara. A Ingila ta dā cutar masu niƙa ake ce mata, saboda dawakin masu injin alkama da ake cika wa ciki da dusa su ta fi kamawa. Ga wanda dole ta sa shi dogara da dusa, abin da zai ƙara ba ya cikin roba mai hoton doki. Garin dutsen kalsiyam ne da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa da arha, giram 30 ɗinsa yana ba da kalsiyam kusan giram 11. Garin ƙashi bai kai shi ba a nan, don shi ma yana tafe da nasa fosfaras.

Sai gishiri, wanda a ganina shi ne ƙari ɗaya tilo da kowane doki a ƙasar nan yake buƙata ba tare da an tsaya bincike ba. Ciyawa da hatsi ba su da sodiyam na kirki. Doki irin na kawu, ko yana tsaye a inuwa, yana buƙatar kusan cokalin cin abinci guda na gishiri a rana. In ya fita aiki labari ya sha bamban. Doki na iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya cikin zafi, kuma guminsa ya fi jininsa gishiri, kusan giram 10 na gishirori a kowace lita. Wannan farin da ke bushewa a ƙarƙashin jalala bayan an kwance sirdi, su ne. A 'yan shekarun nan sallolin biyu suna faɗowa tsakanin Maris da Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A yi tunanin dokin da aka ɗaura wa kaya tun hantsi, ko ɗan lifidi da aka naɗe cikin auduga, ya tsaya cikin cunkoso har magariba. Wani abin mamaki kuma, saboda gishiri yana fita tare da ruwan, jikinsa ba ya gaya masa yana jin ƙishirwa yadda ya kamata. Za ka kai shi bakin ruwa ya kau da kai alhali ya bushe. Gishirin da ake sa masa cikin abinci kullum shi ne yake riƙe masa ƙishirwar. Tsohuwar maganar nan ta cewa kada a ba doki ruwa ko a watsa masa mai sanyi yana cikin gumi, gwaje-gwajen da aka yi gabanin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 sun rushe ta. A bar shi ya sha, a yi ta kwara masa.

Ina sane da abin da dattawan barga za su ce: ai muna ba da kanwa. Kanwa tana da tarihi da dawakinmu, tun zamanin da fatake ke ɗauko ungurnu daga gaɓar Tafkin Chadi da ƙasar Manga, Azbinawa kuma suna sauko da kantun gishirin Balma. Ba na raina ta, tana ba da sodiyam kuma tana kar tsami. Sai dai kanwa ba gishiri ba ce. Mafi yawanta sodiyam ne haɗe da sinadari irin na bakin soda, alhali abin da doki ya fi zubarwa a gumi shi ne kuloraid, rabin gishirin girki na biyu. Dokin da ya yi doguwar tafiya yana gumi, jininsa ya riga ya karkata ɓangaren kanwa saboda asarar kuloraid. In ka dawo da shi ka jiƙa masa kanwa mai yawa, ka tura shi inda ya riga ya faɗa. Ga ta kuma ba ta da ma'auni, wannan curi ya fi wancan ƙarfi, wani rabinsa ƙasa ce. Kaɗan lokaci-lokaci ba laifi, amma bayan gumi gishiri da ruwa ake nema. Masu kai doki gasa a waje su ma su sani, hukumomin sukuwa na duniya suna auna jini don kama waɗanda ke ɗura wa doki bakin soda kafin tsere.

Akwai wata ɓaraka ta gaske da yanayinmu ke haifarwa, ita ce ta bitamin A da E. Dukansu daga ɗanyen ganye ake samunsu, kuma suna gudu daga busasshiyar ciyawa da harawa wata bayan wata, musamman wadda aka jibge a kan rufin soro ko cikin rassan bishiya rana tana dukanta. Harawar da aka ɗaure a Oktoba shar da ita, kafin Maris ta koma ruwan ƙasa, ganyen ya kakkaɓe, saura kara. Hantar doki tana ajiye bitamin A na wata uku zuwa shida, ranin arewa kuwa yakan kai wata bakwai. A ƙarshen rani da bazara ne ƙarin waɗannan bitamin biyu yake da hujja, musamman ga goɗiya mai ciki da ɗan duƙushi. Allah da ikonsa, lokacin ne karas ke cika kasuwa daga fadamu, kuma rabin kilo a rana yana toshe kaso mai tsoka na bitamin A. Bitamin D rana ke bayarwa, mu kuwa ba mu rasa ta ba. Bitamin C hantarsa ke ƙerawa. Allurar bitamin B da ake yi wa doki mai ƙoshin lafiya gab da hawa, yawancinta a fitsari take ƙarewa.

Jan ruwan ƙarin jini shi ne ya fi kowace kwalba kasuwa, shi ne kuma ya fi ƙarancin dalili. Dokin kilo 500 yana buƙatar miligiram 400 na sinadarin ƙarfe a rana, ciyawar da aka yanko da ƙurar jar ƙasa a jikinta tana ba shi ninkin haka. Abin da ke ruɗar mutane shi ne saifa. Doki in yana hutawa yakan ɓoye kusan kashi ɗaya cikin uku na jajayen ƙwayoyin jininsa a cikinta, sai ya zabura ta matso su. Jinin da aka ɗiba a turke sai ya nuna kamar ya yi ƙasa. In kuwa da gaske jini ya ragu, dasashi ya yi fari, to a nemi mai shan jinin: tsutsar ciki, ko cutar da kaska ke sakawa, ko sammore. Ƙarin ƙarfe ba ya kashe ko ɗaya cikinsu. Jiki ba shi da ƙofar fitar da rarar ƙarfe, a hanta take taruwa, kuma tana iya tare hanyar jan ƙarfe da zinki, waɗanda su ne aka fi rasawa a ciyawa kuma su ne ke gyara gashi da kofato. Allurar ƙarfe ta aladu da 'yan maruƙa kuwa ta sha kayar da doki nan take. Garin neman ƙiba a samo rama kenan.

Wanda yake ganin bitamin da ma'adinai ba sa kisa, ya tuna abin da ya faru a Wellington ta jihar Fulorida ranar 19 ga Afrilu, 2009. Dawakin ƙungiyar folo ta Lechuza Caracas, ta ƙasar Benezuwela, sun iso filin gasar Amurka ta shekara, ana sauke su daga mota suka fara tangaɗi suna zubewa. Kafin washegari 21 sun mutu. Ba guba aka sa musu ba. Allurar ƙarin kuzari ce aka yi musu, haɗin bitamin B12 da wasu ma'adinai, wadda wani kantin haɗa magani ya yi kuskuren awo ya zuba siliniyam fiye da abin da aka rubuta. Siliniyam abu ne da doki yake buƙata, amma miligiram 1 kacal a rana ga dokin kilo 500, kuma tazarar da ke tsakanin isa da guba ƙanƙanuwa ce. Ba sai an yi kuskure irin na Fulorida ba. Da na juya kwalaben kawu na karanta, uku daga cikin bakwai suna da siliniyam, huɗu suna da bitamin A. Kowacce ita kaɗai daidai take, an ƙera ta ne bisa zaton ita kaɗai ake bayarwa. In suka taru watanni, alamar farko ita ce gashin wutsiya da na geza su fara zuba, kofato ya tsage a kwance. Mai doki kuma in ya ga haka sai ya je ya sayo roba ta takwas, ta gyaran kofato.

Ita ta kofaton tana da ɗan abin kamawa. An gwada bayotin, wani nau'in bitamin B, miligiram 20 a rana, kan fararen dawakin makarantar hawa ta Sifaniya da ke birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, aka ga kofato ya gyaru, amma sai bayan wata tara. Kofato ba ya tsiro fiye da santimita ɗaya a wata, sai sabo ya sauko daga sama ya maye tsoho. Duk wanda ya ce maka cikin sati biyu za ka ga canji, man shafawa yake nufi. Na gaɓoɓi kuwa hujjarsu ba ta da ƙarfi, kuma ko abin da aka rubuta ba lallai a same shi a ciki ba. A 2006 masu bincike a Kanada sun auna iri 23 na gulukosamin, sinadarin gaɓoɓi da ake sayarwa don dawaki, 9 ba su kai abin da ke jikin takardarsu ba, 4 ko kashi 30 cikin 100 ba su kai ba. A ƙasashen da ake sa ido kenan. Robar da ta yi wata biyu a kwantena, ta zauna a shago mai rufin kwano, bitamin ɗin cikinta ya daɗe da dahuwa. Abin dubawa a jikin roba ba yawa ba ne: an rubuta adadin kowane sinadari da giram ko miligiram, ko dai jerin sunaye ne kawai? Awon na doki mai kilo nawa ne? Ga ranar lalacewa, ga lambar rajistar NAFDAC? In amsar ta farko babu, sauran ba su da amfani.

Ga wanda yake son doki ya yi jiki ba tare da ƙara hatsi ba, akwai man girki. Ƙarfinsa ya ninka na sitaci fiye da sau biyu kuma ba ya tsami a hanji. A fara da cokali biyu, a kai kofi ɗaya a rana cikin sati biyu, shi ne ma yake kawo sheƙin da ake nema. Ko wane canji aka yi wa abincin doki, kwana 7 zuwa 14 ake ba shi, don halittun hanji su saba. Ranar da doki bai fita ba kuma a rage hatsi. Masu dawakin jan kaya a Turai sun san wannan tun dā: a huta Lahadi da cikakken hatsi, Litinin da safe tsokar cinya ta sandare, fitsari ya fito kamar shayi. Dokin da aka tsare a turke wata guda ana ɗura masa dawa, ranar Sallah a zabure shi a gaban sarki, irin wannan tarkon aka ɗana masa.

Abubuwa uku ne ba a kusantar da su bakin doki ko da kyauta aka samu. Abincin kajin gidan gona ko na shanun turka da aka haɗa a kamfani, domin akan sa masa wani magani, monensin, wanda kaza da sa ke ɗauka lafiya, doki kuwa giram ɗaya na iya tsayar masa da zuciya. Sai masarar da ta yi fumfuna, wadda gubarta ke narkar da ƙwaƙwalwar doki, ka gan shi yana zagaye yana tura kai jikin bango. Ƙuli-ƙulin da ya sha danshi shi ma yana da tasa gubar mai cin hanta. Na uku gyauron dawa, wanda makiyaya sun riga kowa sanin gubarsa.

Mu koma ga kajin nan biyu. Dawa tana fita ɗanyarta saboda ba a ɓarza ba, amma kuma saboda ba a tauna ba. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa milimita 2 zuwa 3 a shekara, ciyawa ce ke goge su. In ciyawa ta yi ƙaranci sai gefen turame ya yi kaifi ya riƙa yankar kumatu da harshe. Da likitan dabbobi ya zo ya buɗe bakin kilin, na haska da fitilar waya na ga kumatun ta ciki duk zane-zane, wani wurin ya yi fari. Ya goge kaifin da zarto, ya ɗebi kashi ya tafi da shi, washegari ya kira ya ce ƙwan tsutsa ya yi yawa. Aka ba da magani daidai da kilo 344, ba da ƙiyasin ido ba. Aka sauke dawa a hankali zuwa kwano guda a rana, ɓarzajjiya, a raba uku. Kuɗin da ya ragu ya tafi harawa da ingirici, a cikin kwami maimakon ƙasa don kada ya haɗa da yashi. Gishiri cokali guda safe, man gyaɗa, karas.

Ƙaramar Sallah ta zo bai murmure ba, sati uku ba ya gyara ɓarnar wata biyar, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kawu ya lulluɓe haƙarƙarin da jalala ya hau abinsa, ya dawo yana yi mini gori cewa dokin maƙwabcinsa da ke shan kwalabe ya fi nasa cika ido. Sai da babbar Sallah ta ƙarato na koma, na shafa gefen kilin na ji haƙarƙari a ƙarƙashin tafin hannu amma ido ba ya ganinsu, wato maki 5 cikin 9 a ma'aunin jiki da wani masani mai suna Henneke ya fitar a Tekzas a 1983. Kajin sun koma bakin rumbu. A kan katakon saura kwalba ɗaya, jan ruwan nan, an sha rabi.

Na ce, "Kawu, ba mun yi da kai an daina ba shi wannan ba?"

Ya ce, "An daina. Ni nake sha, kuɗina ba zai tafi a banza ba."